Haɗa Kuɗi da Haɗa Hannu Tsakanin Hukumomi Domin Lafiyar 'Yan Makaranta a Masarautar Haɗeja

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda hukumomin gwamnati ke rarraba nauyin kula da lafiyar 'yan makaranta a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja. An yi nazarin Manufar Ƙasa kan Lafiyar Makarantu ta 2006, da Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, aka auna su da halin da makarantun fadamar kogin Haɗeja suke ciki. An gano cewa akwai manufa, akwai kuma hanyoyin samun kuɗi har guda biyar, amma babu hukuma ɗaya da doka ta ɗora wa alhakin lafiyar yaro daga shekara 5 zuwa 14. Maƙalar ta ba da shawarar kafa asusun haɗaka a matakin jiha, da ɗaura kowace makaranta a wuyan asibitin mazaɓarta, da tsara aikin bisa lokutan kogi. Ta kafa hujja da tsarin Gunduma na Jigawa da Asusun Amana na kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu-Yobe.

Fitilun kalmomi: lafiyar makarantu, asusun haɗaka, tsargiya, ambaliya, Haɗeja.

1.0 Gabatarwa

A tsarin kiwon lafiya na Nijeriya, mai juna biyu tana da ranar awo, jariri yana da katin riga-kafi, yaro ɗan ƙasa da shekara biyar yana samun maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro gida-gida duk damina. Da zarar yaro ya cika shekara biyar ya rataya jaka ko ya ɗauki allo, sai ya fita daga lissafin yawancin waɗannan shirye-shirye. Ma'aikatar lafiya tana ganinsa a hannun malamai, ma'aikatar ilimi kuma tana ganin ciwonsa aikin asibiti ne. A haka yake girma, sai dai in annoba ta ɓarke a tuna da shi.

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomin Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kirikasamma da Malam Madori. An zaɓi wannan yanki ne saboda a nan giɓin ya fi fitowa fili: ruwan da ke ciyar da jama'a shi ne kuma yake kawo yawancin cututtukan da ke hana yara zama a aji. Tambayoyin maƙalar uku ne. Wane ne ke riƙe da kuɗin lafiyar ɗan makaranta? A ina aikin hukumomi yake kasa haɗuwa? Wane tsari ne zai haɗa su ba tare da an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba? Hanyar da aka bi ita ce nazarin dokoki da manufofi, da kwatanta su da abin da duk mazaunin yankin yake gani da idonsa.

2.0 Kogi da Lafiyar Ɗan Makaranta

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ɗabi'ar kogin Haɗeja ta sauya. A da ruwa yakan cika da damina ya janye da rani. Yanzu akwai ruwa a hanyoyi da dama duk tsawon shekara, ga magudanan aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke yankin Auyo. Wannan ya bunƙasa noman shinkafa da alkama da kayan lambu. Ya kuma ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin ruwa har zuwa Guri da Kirikasamma. Ruwan da ya kwanta cikin ciyawa shi ne gidan sauro, shi ne kuma gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya.

Yadda tsargiya ke yaɗuwa ya isa ya nuna cewa hukuma ɗaya ba za ta iya da ita ba. Mai ciwon yana fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga jikin dodon koɗi ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Yaran da ke wanka da kamun kifi da dashen shinkafa da shayar da dabbobi su ne suka fi kamuwa. A wasu ƙauyuka har yanzu ana ɗaukar jini a ƙarshen fitsarin yaro namiji a matsayin alamar girma, alhali kuwa yana jawo ƙarancin jini da kasala da rashin fahimtar karatu, in ya daɗe kuma ya lalata mafitsara da ƙoda. Magani aikin ma'aikatar lafiya ne. Makewayi da famfo aikin hukumar ruwa da tsafta ne. Yashe magudanai da cire kachala aikin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne. Wayar da kan yaro aikin malami ne. In ɗaya ya yi nasa sauran suka bari, yaron da ya sha magani yau zai sake kamuwa kafin shekara ta zagayo.

Ban da tsargiya, shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa annoba ma ta fi faɗa wa wannan rukuni. A 2021, lokacin da kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa, kuma rahotannin hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa (NCDC) sun nuna cewa yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne suka fi yawa cikin waɗanda suka kamu. A ɓarkewar sanƙarau daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zargin sun kamu a ƙasar nan a Jigawa suke. Ajin da yara suka cika maƙil da ɗakin kwanan makarantar kwana wurare ne da irin waɗannan cututtuka ke saurin tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

3.0 Manufa Ɗaya, Aljihu Biyar

A 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da Manufar Ƙasa kan Lafiyar Makarantu tare da jagoran aiwatar da ita. Manufar ta tsaya kan ginshiƙai biyar: tsaftataccen muhalli a makaranta, ciyar da ɗalibai, koyar da ilimin lafiya a aikace, hidimar duba lafiya da magani, da alaƙa tsakanin makaranta da gida da al'umma. Ta ambaci rawar ma'aikatun lafiya da muhalli da ruwa da noma. Rauninta shi ne manufa ce kawai, ba ta da ƙarfin dokar da za ta tilasta wa kowa ware ko sisin kwabo. Kuɗin da zai iya taɓa lafiyar ɗan makaranta yana biyowa ta hanyoyi biyar da ba sa haɗuwa.

Ta farko ita ce Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC). Jiha tana karɓar tallafin gine-gine ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) bayan ta zuba daidai abin da za a ba ta. Wannan kuɗi yana gina aji da makewayi, amma ba ya sayen magani, ba ya biyan ma'aikacin lafiya.

Ta biyu ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shiga. Dokar ta raba shi kashi 50 ta hanyar inshorar lafiya, kashi 45 ta hanyar hukumar lafiya a matakin farko, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Wani kaso yana shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye. Sai dai ana auna asibitin da yawan awon ciki da haihuwa da riga-kafin jarirai, ziyarar makaranta ba ta cikin abin da aka fi tambayarsa.

Ta uku ita ce shirin ciyar da ɗalibai da aka farfaɗo da shi a 2016, wanda aka fara da kashe Naira 70 a kan kowane yaro daga aji 1 zuwa 3 na firamare. Ba a ƙarƙashin ilimi ko lafiya aka ajiye shi ba, yana cikin shirye-shiryen tallafa wa jama'a, kuma ya tsaya a watan Janairun 2024 lokacin da aka dakatar da ayyukan hukumar da ke kula da su.

Ta huɗu ita ce kuɗin ruwa da tsafta da ke bi ta hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara (RUWASA) da ƙananan hukumomi. Jigawa ta ciri tuta a 2022 da ta zama jiha ta farko a Nijeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili. Riƙe wannan matsayi ya dogara ƙwarai da makewayin makaranta, wanda gina shi yana da mai biya, amma gyara da yashewa ba su da takamaiman mai ɗauka.

Ta biyar ita ce gudummawar waje. Maganin tsargiya, wato praziquantel, kamfanin Merck na Jamus ne ke bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Dakonsa zuwa ƙauye da horar da masu rabawa kuwa galibi ƙungiyoyin agaji ne ke taimakawa, kuma kowane aikin agaji yana da ranar ƙarewa.

Su kansu makarantun ba a hannu ɗaya suke ba. Akwai na SUBEB, akwai na hukumar makarantun kimiyya da fasaha, da na hukumar ilimin addinin Musulunci, da na 'ya'yan makiyaya, ga tsangayu da ke cike da almajirai. Tun 2023 ma'aikatar ilimi ta jiha ta rabu biyu, ta ilimi a matakin farko da ta ilimi mai zurfi. Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya ba ƙananan hukumomi hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Jami'in lafiyar da ke son isa ga dukkan yaran mazaɓa ɗaya sai ya nemi izini daga ofisoshi da dama.

4.0 Inda Aikin Ke Kasa Haɗuwa

4.1 Ranar Rabon Magani

A ranar rabon maganin tsargiya, malami yakan jingina sandar awon tsayi a bango, yara su yi layi, a auna kowa a ba shi ƙwaya gwargwadon tsayinsa. Ƙwayar babba ce, tana da ɗaci, kuma ƙa'idarta a sha bayan an ci abinci. Yaron da ya fito gida da sassafe bai karya ba, in ya haɗiye ta sai jiri da tashin zuciya da ciwon ciki su kama shi, musamman idan tsutsar ta yi masa yawa. In yara biyu ko uku suka kwanta a gindin bishiya, kafin azahar labari ya zaga gari cewa maganin gwamnati ya kayar da yara. Washegari iyaye su hana sauran zuwa. Kofin kunu da ƙosai kafin rabo, da ma'aikacin lafiya ɗaya a tsaye a wurin, da sanarwa daga bakin bulama da limami tun ana saura kwana uku, sun isa su hana wannan. Amma abinci yana hannun wata hukuma, magani a hannun wata, malami a hannun wata, kuma babu wanda aikinsa ne ya sa ranakunsu su dace.

4.2 Makaranta a Lokacin Ambaliya

A ambaliyar 2020 da ta 2022, mutanen Haɗeja sun kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya ci gari. A ƙauyukan da ruwa ya ci, makaranta ce mafaka ta farko. Iyalai sukan sauka a ajujuwa da tabarmi da tukwane da awaki, makewayin da aka gina don ɗalibai ya cika cikin 'yan kwanaki, famfon tuƙa-tuƙa ya lalace ko ruwansa ya gurɓata. Hukumar agajin gaggawa tana kawo abinci da barguna. Idan ruwa ya janye mutane suka koma gida, sai a bar hedimasta da tambayar wanda zai yashe masai, ya yi feshi, ya zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a rijiya kafin yara su dawo. Wannan aiki ba ya cikin kasafin kowa.

4.3 Kalanda Uku

Shekarar kasafin kuɗi tana farawa a Janairu, shekarar karatu a Satumba, shekarar kogi kuma tana da nata lissafi. Zangon farko yana buɗewa daidai lokacin da ambaliya da zazzaɓi da amai da gudawa suke kan ganiyarsu. Zango na biyu yana faɗawa cikin hunturu da shigowar zafi, lokacin sanƙarau da ƙyanda da tari. Zango na uku lokacin bazara ne, da yara ke tsere wa zafi su faɗa magudanan ruwa. Kuɗin da aka saki a watan Nuwamba don aikin da ya kamata a yi a Agusta ya zo bayan ɓarna ta auku.

5.0 Darasi Daga Gida da Waje

Jigawa ba baƙuwa ba ce ga haɗa kuɗi. A 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, jihar ta kafa tsarin Gunduma, wanda ya tattara asibitocin ƙananan hukumomi da manyan asibitoci ƙarƙashin hukuma ɗaya mai gundumomi tara, Haɗeja na cikinsu. Kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi suka riƙa haɗuwa wuri ɗaya, ma'aikata kuma suka koma ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Jigawa ta riga Majalisar Lafiya ta Ƙasa, wadda sai a 2011 ta amince da manufar tattara kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya. Daga baya an sauya tsarin, aikin ya koma hannun Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha. Darasi biyu ke nan: haɗa kuɗi yana yiwuwa, kuma tsarin da bai samu amincewar dukkan ɓangarori ba yana iya sauyawa da sauyin gwamnati.

Misali na biyu a kan kogin kansa yake. A 2006 jihohin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, tare da Gwamnatin Tarayya, sun kafa Asusun Amana mai hedikwata a Damaturu don kula da ruwan da suke tarayya a kai. Sun yarda cewa matsalar da ta ratsa iyakokin jihohi sai an zuba mata kuɗi tare. Lafiyar ɗan makaranta ma iyakokin ma'aikatu ta ratsa.

A waje, Brazil ta kafa shirin lafiya a makarantu a 2007 tsakanin ma'aikatun lafiya da ilimi. Kowace makaranta tana haɗe da ayarin ma'aikatan lafiya na unguwarta, kuma kuɗi ba ya sauka ga ƙaramar hukuma sai shugabannin sassan lafiya da ilimi sun sa hannu tare a kan alkawarin aiki. Gana kuma tun 1992 take da jami'in lafiyar makarantu a matakin ƙasa da yanki da gunduma. Game da ribar abin, binciken Edward Miguel da Michael Kremer na 2004 a yankin Busia na Kenya ya nuna cewa maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masana sun yi muhawara a kan girman wannan adadi, amma ya isa ya tuna wa ma'aikatar ilimi cewa kuɗin da ta sa a lafiya yana dawo mata a rajistar aji.

6.0 Shawarwari

Na farko, Majalisar Dokokin Jigawa ta yi dokar kafa asusun haɗaka na lafiyar makarantu. Ma'aikatun lafiya da ilimi da ruwa da ƙananan hukumomi su riƙa zubi a ciki bisa kason da dokar ta yanke. Kuɗin UBEC da na asusun lafiya na tarayya suna da ƙa'idojinsu da jiha ba za ta karya ba, don haka zubin ya fito daga kasafin jiha, su kuma waɗancan a daidaita ayyukansu da tsarin aiki guda. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi yana nufin cewa kasonsu sai da yardarsu, ta rubutacciyar yarjejeniya.

Na biyu, kada a kafa sabuwar hukuma, domin albashi da motoci za su cinye kuɗin. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta riƙe asusun, amma kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun SUBEB.

Na uku, a ɗaura kowace makaranta, har da Islamiyya da tsangaya da ta makiyaya, a wuyan asibitin mazaɓarta. Ma'aikacin lafiya ya ziyarce ta aƙalla sau ɗaya a zango, ya duba ido da kunne da fata, ya tambayi masu fitsarin jini, ya tura mai buƙata asibiti da takarda. Ɗaliban Kwalejin Fasahar Lafiya ta Jahun za su iya yin wani ɓangare na horonsu a wannan aiki, duba-gari kuma su dawo duba makewayi da wurin masu sayar da abinci.

Na huɗu, a raba kuɗin da la'akari da haɗari. Makarantar bakin fadama a Guri ko Auyo tana buƙatar abin da ya fi na makarantar kan tudu. A kuma ware kaso na tsabtace makarantun da suka zama mafaka, a sake shi kafin watan Agusta.

Na biyar, a samar da kalanda ɗaya da rajista ɗaya. Rabon maganin tsargiya ya dace da ranar da akwai abinci. Allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, wadda Jigawa ke cikin jihohin da suka fara a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ita ma ta shiga kalandar. Kwamitin kula da makaranta da kwamitin ci gaban mazaɓa su riƙa zama tare sau ɗaya a zango a gaban hakimi, a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe.

Akwai masu fargabar cewa tara kuɗi wuri ɗaya yana sauƙaƙa wawure shi, da masu cewa malamai da ma'aikatan lafiya sun riga sun yi ƙaranci. Duka biyun gaskiya ne. Maganin na farko shi ne sa hannu biyu da bayyana lissafi a bainar jama'a. Na biyu kuma shi ya sa ya kamata a fara da ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja na tsawon shekara biyu, a auna sakamako da yawan masu tsargiya da yawan fashin aji, sannan a faɗaɗa zuwa sauran 19.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abin da ya hana Manufar 2006 aiki a fadamar Haɗeja shi ne rashin wanda za a tuhuma. Kowace hukuma tana iya nuna cewa ta yi nata, yaron kuma yana nan da ciwonsa. Asusun haɗaka mai ƙarfin doka, da asibitin mazaɓa mai alhakin makarantunsa, da kalandar da ta san lokacin cikar kogi, za su samar da ofishi ɗaya da uba zai je ya tambaya, da jami'i ɗaya da zai ba shi amsa. Jihar da ta haɗa kuɗin asibitocinta a 2007, ta kuma shiga asusun kogi da maƙwabtanta a 2006, tana da ƙwarewar da ake buƙata. Abin da ya rage shi ne Majalisar Dokoki da ma'aikatun da abin ya shafa su sa wannan layi a kasafin shekara mai zuwa.